Hausa a Fagen Kimiyya: Auna Bugun Jini da Haske

Wannan darasi zai duba yadda ake bayyana wani aikin likitanci da Hausa, da kuma matsalar da malami kan ci karo da ita wajen zaɓen kalmomi.

A asibiti akan maƙala wa majiyyaci wata 'yar na'ura a yatsa. Na'urar tana haska fata da haske iri biyu, ja da kuma infared wanda ido ba ya gani, sannan ta auna abin da ya ratsa. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini kan cika ƙananan jijiyoyin yatsa ya shanye haske mai yawa, in ta saki sai ya ragu. Wannan hawa da sauka shi ake zanawa kamar igiyar ruwa. Alrick Hertzman ya bayyana dabarar a Amurka a shekarar 1937, injiniya Takuo Aoyagi na Japan kuma ya gano yadda za a auna oksijin da ita a 1972.

Tazarar da ke tsakanin ƙololuwa biyu ita ke nuna saurin bugu, wanda ga baligi mai hutawa yakan kama daga 60 zuwa 100 a minti. Siffar zanen ma tana magana. A gangarensa akwai ɗan lotsawa da ke fitowa sarai ga matashi, amma yakan dushe idan jijiyoyi suka yi tauri saboda tsufa ko hawan jini.

A nan ne Hausa ke buƙatar taka-tsantsan. Kalmar "jijiya" ta ƙunshi mai fitar da jini daga zuciya, da mai mayar da shi, da mai kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, har da agara. Malamin da ya ce "jijiya ta yi tauri" kawai ya bar ɗalibi cikin duhu, domin wani zai ɗauka ciwon gaɓa ake nufi. Ya fi dacewa a ce "jijiyar fitar jini", ko da jimlar ta yi tsawo.

Haka kuma, na'urar ba ta rasa aibi. Sanyin yatsa da motsi da fentin farce kan rikita ta. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa ta fi kasa gano ƙarancin oksijin ga baƙar fata, kusan ninki uku a kan fararen fata.

Aiki: ɗalibi ya samar da suna na Hausa ga wannan na'ura, ya kuma kare zaɓinsa ta fuskar ginin kalma.