Kafin Ka Hau Keke a Amstadam: Sirdi, Birki da Ladabin Titi

Duk wanda karatu, taro ko kasuwanci ya kai shi ƙasar Holan, ba zai kwana biyu ba sai an ce masa ya nemi keke. Shawara ce mai kyau. Galibin ƙasar a shimfiɗe take, a Amstadam kuwa ba hawa ba gangara sai a kan gada. Kekunanta sun fi mutanenta yawa, wajen miliyan 23 ga al'umma kimanin miliyan 18, kuma an ware musu hanyoyinsu na kusan kilomita 35,000. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht kaɗai akwai ma'ajiya mai cin keke 12,500.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawancinmu a kan Raleigh ko Phoenix muka koya, mai birkin ƙarfe da sirdi mai sifirin, don haka mutum zai ce ai ya iya keke tun yana yaro. Ya iya, amma wannan keken bai san shi ba, kuma baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Shawarata ita ce ka ba keken rabin sa'a kafin ka shiga titi: ka daidaita shi da jikinka, hannunka kuma ya san birkinsa.

Wanne za ka karɓa?

A shagunan haya iri biyu za ka fi gani. Akwai keken gari, mai nauyi, wanda ake zama a kansa a miƙe, sarƙarsa a rufe. Akwai kuma ruwa-biyu, wanda ya ɗebo rashin nauyi daga keken tsere, ya ɗebo miƙaƙƙen kai da giya mai yawa daga keken daji. Zirga-zirgar cikin gari na farkon ya ishe ta. Idan kana son fita ƙauyuka, ruwa-biyu ya fi, sai dai zamansa da ɗan sunkuyo, birkinsa kuma da kaifi.

Mai jallabiya ko abaya ya zaɓi marar sanda a tsakiya, mai rufaffiyar sarƙa. A can maza da mata duk suna hawansa, ba abin kunya ba ne. Gefen gyale ko na riga a tattare shi, kada taya ta ja shi. Mai dogon zama ya duba kekunan kamfanin Swapfiets, masu shuɗiyar tayar gaba, da ake biya wata-wata har da gyara. Shagon haya kuma zai nemi katin shaida da kuɗin ajiya. Idan sun yi maka tayin inshorar sata, karɓa.

Sirdi

Ka hau, ka dafa bango, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafar ta miƙe sambal ba tare da ka karkata ƙugu ba, tsayin ya yi. Da ka mayar da tafin gaba kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Kana zaune a sirdi, yatsun ƙafa kawai ya kamata su taɓa ƙasa. Mutane da yawa suna sauke sirdi har tafin ƙafa ya dire don su ji kwanciyar hankali, daga baya gaban gwiwa ya yi ta ciwo. Idan kuwa bayan gwiwa ke ja, ko ƙugu na rangaji hagu da dama, sirdin ya yi sama. A jikin ƙarfen sirdi akwai layin iyaka, kada a ɗaga shi ya wuce nan.

Sirdin ya zauna daidai, hancinsa ba sama ba ƙasa. Idan ya sunkuya, za ka yi ta zamewa gaba, nauyinka ya koma kan hannu, tafinka ya mutu. Gwiwar hannu ta ɗan saki, kafaɗa ta sauka. Tsamin jiki a kwanakin farko ba komai ba ne, yana wucewa idan ana hawa kaɗan-kaɗan. Amma mutuwar hannu ko ta mazaunai alama ce ta cewa wani abu bai daidaita ba, ka koma shago su gyara. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, don ka san wanne ya yi magani.

Birki

Nan ne baƙi suka fi faɗuwa. Kekunan gari da yawa a Holan ba su da birkin hannu ko ɗaya; feda ake dannawa baya, tayar baya ta kama. Wanda bai saba ba, idan abu ya gifta masa, sai ya matse hannu ya ji wayam. Kuma da yake feda ba ta juyawa baya, ba za ka iya shuro ta sama da ƙafa ba idan za ka tashi, sai ka koyi tsayawa da ita a inda za ka sake takawa. Idan wannan bai kwanta maka ba, ka ce a ba ka mai birkin hannu. Yawancin shaguna suna da shi.

A kan mai birkin hannu, fara da sanin wane hannu ke riƙe da wace taya. A Ingila hannun dama ne na gaba, kamar yadda yake a babur. A Amurka da yawancin Turai hagu ne na gaba. Wanda ya saba da babur ya kula sosai, don hagun da ya sani da kuloci yana iya zama birkin gaba. Kana tsaye, ka matse ɗaya ka tura keken, ka ga wace taya ta cije. Idan mariƙin birki yana zuwa har ya taɓa kan keken, waya ta saki, kada ka karɓe shi haka.

Birkin gaba shi ya fi ƙarfin tsayarwa, shi ne kuma ke wuntsila mutum idan an fizge shi. A matse biyun tare, a hankali, jiki ya ɗan ja baya. Birki mai faranti a tsakiyar taya yana ci da yatsa biyu, kuma sabo sai an taka shi sau da dama kafin ya kai ƙarfinsa. Kada mai ya taɓa farantin. Mai roba a gefen rim kuwa yana jinkirin kamawa idan ya jiƙe, ga shi ruwan sama a Holan ba shi da wata. Ka je lambun shaƙatawa na Vondelpark da ke Amstadam da sassafe ka gwada tsayawa, daga tafiyar hawainiya har zuwa gudu.

Giya ma iri biyu ce. Wadda ke ɓoye a cibiyar tayar baya ana sauya ta ko a tsaye. Mai haƙora a waje sai ana takawa, don haka ka sauko da ita kafin ka tsaya a danja.

A kan titi

Hannun dama ake bi kamar Najeriya da Nijar. Hanyar keke galibi jar kwalta ce, kada ka tsaya a tsakiyarta don ɗaukar hoto. Kafin ka juya, miƙa hannu. Idan ka ga jerin fararen alamu masu kusurwa uku a ƙasa, tsininsu na kallonka, kai ne za ka ba da hanya. A mahaɗar da ba alama, na damanka ne da hanya. Layin dogon tarago na cikin gari a gicciye ake tsallaka shi, don idan taya ta faɗa ramin, faɗuwa ta tabbata. Tun 1 ga Yuli 2019 doka ta hana riƙe waya ana tuƙa keke, kuma tarar da nauyi. Da dare dole fitila fara ko rawaya a gaba, ja a baya.

Kulle biyu ake yi: na jikin tayar baya, da sarƙa da za ta ɗaure gangar jikin keken da ƙarfen ajiya. Inda aka hana ajiya, hukuma na kwashewa, sai ka biya kafin ka karɓa. Wanda ya zo da arhar banza a bakin titi, ka bar masa kayansa, sau da yawa na sata ne.

Idan hannu ya faɗa, ka shiga jirgin fito na kyauta a bayan tashar jirgin ƙasa ta Centraal da ke Amstadam, ka tsallaka ruwan IJ, ka nufi ƙauyen Durgerdam ko na Broek in Waterland. Ko ka bi gaɓar kogin Amstel zuwa Ouderkerk, tafiyar kimanin kilomita 10. A mahaɗun karkara akwai alluna masu lamba da taswira, ka rubuta lambobin hanyarka a takarda. Ka riƙe rigar ruwa, da safar hannu a lokacin sanyi. Kafin ka fita ka duba inda iska ke kaɗawa, ka fara da fuskantarta tun kana da ƙarfi, ta turo ka gida idan ka gaji. Allah ya kiyaye hanya.