Kyanwarmu ta yi tsutsar ciki: yaya zan tsabtace gida?

Tambaya: Kyanwar da ke tsaron rumbunmu ta yi tsutsar ciki, malamin dabbobi ya ba ta magani. Ina da yara ƙanana. Me ya rage? Daga wata uwa a ƙasar Ɗambatta.

Amsa: Magani ya kashe tsutsar da ke cikinta, amma ƙwayayen tsutsar suna nan a ƙasa, ido ba ya ganinsu. Sukan yi mako 2 zuwa 4 kafin su iya kama mutum, kuma suna daɗewa a ƙasa mai laima. Don haka kullum ki kwashe kashinta da shebur, ki zuba a masai. Kada ya shiga takin gona.

Ki duba inda take tona rami, musamman yashin da yara ke wasa da gindin rumbu. Ki kankare ƙasar saman, ki kai nesa, ki kwarara tafasasshen ruwa a wurin, domin zafi ne ke kashe ƙwayayen. Tsummokaran da take kwanciya a kai ki tafasa su, tabarmi kuma a shanya a rana.

Idan kin ga fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta, sau da yawa ƙuma ce ta kawo irin wannan tsutsar, sai a nemi maganin ƙuma. Cin ɓera ma yana sake sa mata tsutsa, saboda haka ki tambayi malamin dabbobi lokacin maimaita magani.

Yara su riƙa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a yanke musu farce, a hana su cin ƙasa. Mai juna biyu kada ta taɓa kashin kyanwa. Yaron da ya fara ciwon ciki ko ramewa, a kai shi asibiti.