Wa Ke Duba Mai Jinya a Gida?

Mun sani a asibiti idanu suna da yawa, amma tsohon da ake jinyarsa cikin ɗakinsa ba shi da mashaidi. In an manta da maganinsa, ko an ci kuɗinsa, wa zai sani?

Domin wannan, a Ingila akwai hukuma mai suna Care Quality Commission, wadda ta soma aiki a 2009. Duk kamfanin da ke aika ma'aikata gidaje su yi wa tsofaffi wanka, tilas ya yi rajista wurinta. Masu dubawa sukan bincika littattafan aiki, su kuma ji daga bakin tsofaffin. Inda suka iske mugun sakaci, tana da ikon hana kamfanin aiki.

Ekklesiya ta fari ta riga ta koya mana wannan. Cikin Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni ana ƙyale waɗansu gwauraye mata wajen rabon abinci, manzanni suka sa aka zaɓi amintattu bakwai, aka danƙa masu aikin.

Mu fa, 'yan'uwa? Bari mu naɗa masu ziyara cikin kowace ekklesiya. Su riƙa shiga ɗakin, su tambayi tsohon shi kaɗai, ba a gaban mai jinyarsa ba.