Darasi: Yadda ake gane mugun jirgin ruwa



Mu mutanen hamada ne. Mun san raƙumi mai lafiya tun daga tafiyarsa. Mun san motar da za ta kai Agadas da wadda za ta mutu a Tenere. Amma jirgin ruwa baƙo ne a gare mu. To, me ya kawo zancensa a nan?

Dalili shi ne hanyar Libiya ta bi ta Dirku. Matafiya da yawa suna wucewa ta garinmu, har da ƴaƴanmu. Wasunsu ba su tsayawa Libiya. Suna shiga jirgi don su ƙetare tekun Bahar Rum zuwa Italiya. Jiragen da ake zuba su ciki, yawancinsu ba na kirki ba ne.

Abu biyar ke ɓata jirgi

1. Katako. Ɗanyen katako yana tsukewa in ya bushe, sai ƙofofi su buɗe tsakanin katako da katako. Ruɓaɓɓe kuwa yana karyewa in igiyar ruwa ta buge shi.

2. Ƙusa da toshiya. Ruwan teku gishiri gare shi, yana cin ƙusar ƙarfe. Maƙerin jirgi na gari yana toshe kowace kafa da tsumma da kwalta. Mai ha'inci fenti kawai yake shafawa.

3. Ƙashin baya. Jirgin teku yana da dogon katako mai nauyi a ƙarƙashinsa. Shi ke hana shi kifewa. Akwai jirgin da iska ke turawa, mai babban ƙyalle bisa doguwar sanda. In gindinsa ba shi da nauyi, iskar da ke tura shi ita za ta kayar da shi.

4. Roba. Wasu jiragen na roba ne, ana hura masu iska. Na banza da gam ake liƙe su, a shimfiɗa falanki a ƙasa. Rana ta yi zafi, gam ya saki, iska ta fita. In man inji ya zube ya gauraya da ruwan gishiri, yana ƙone fatar mutum.

5. Lodi. Ko jirgi mai kyau, in an yi masa kaya fiye da ƙarfinsa, ya zama mugu. Bakinsa yana kusantar ruwa. Mutane suka karkata gefe ɗaya, sai ya kife.

Abin da ya faru

Ran 3 ga watan Oktoba 2013, wani jirgin katako da ya taso daga Misrata ta Libiya ya iso kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya. Mutum sama da 500 ke ciki. Inji ya mutu. Aka kunna wa bargo wuta don a hango su. Wuta ta kama jirgi, mutane suka ruga gefe ɗaya, ya kife. Sama da mutum 360 suka rasu.

Ran 18 ga watan Afrilu 2015, wani ya nutse tsakanin Libiya da Italiya. Ɗaruruwa suka rasu. Mutum 28 kaɗai suka tsira.

Me za mu yi?

Mai cika jirgi kuɗinsa ya karɓa tun a tudu. Asara ta mai shiga ce. Saboda haka, ko a teku, ko a kogin Kwara, ko a tabkin Cadi, a duba kafin a shiga. In ana kwalfe ruwa tun jirgi bai tashi ba, kada a shiga. In babu rigar ceto, kada a shiga. In babu wurin miƙe ƙafa, kada a shiga. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tambayoyi

1. Me ke hana jirgin teku kifewa?
2. Me ruwan gishiri ke yi wa ƙusa?
3. Lissafi: jirgi yana ɗaukar mutum 30, an zuba masa 120. Mutum nawa suka yi yawa?