Darasi na Shida: Bin Diddigin Mamallakan Mota ta Hannu

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ciniki ba ya kammala sai an san asalin haja. A kasuwar kara, baƙon da ya kawo saniya yakan sayar da ita ne ta hannun dillali ko fatoman da ya san shi, domin idan rigima ta taso gobe a sami wanda za a riƙe. Shigowar mota bai sauya wannan ƙa'ida ba, sai dai takarda da lamba sun zo sun ƙarfafa shaidar baki. Ma'aikata da dama, har da malaman makaranta, mota ta hannu suke saya, sau da yawa ma da bashin da za a yi shekaru ana cirewa daga albashi. Wannan darasi ya duba hanyoyin gano waɗanda suka mallaki irin wannan mota a baya, ya kuma nuna yadda malami zai yi amfani da batun wajen koyar da rubutun bayani.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi ya iya:

i. bayyana dalilan binciken asalin mota kafin saye;
ii. karanta muhimman sassan lambar shasi;
iii. tsara darasin rubutun bayani a kan batun.

3.1 Rabe-raben Mota ta Hannu

Mota ta hannu iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda aka yi amfani da ita a ƙasashen waje kafin a shigo da ita. Ana kiran ta tokumbo, kalmar da aka aro daga Yarbanci mai nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku. Wasu kan ce Beljiyam, saboda yawan motocin da ake lodowa daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf, ko kuma 'yar Kwatano, saboda hanyar da ta biyo. Ta biyu ita ce ta gida, wato wadda aka riga aka yi wa rajista a Nijeriya, wataƙila ma ta ratsa hannaye uku ko huɗu.

3.2 Dalilan Bincike

Babban dalili shi ne guje wa kayan sata. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewacin Nijeriya ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko yana da dalilin zargin haka. Ko da mai saye ya kuɓuta daga tuhuma, motar takan koma ga mai ita, kuɗinsa kuwa sai ya bi wanda ya sayar masa, in har ya gan shi. Dalili na biyu shi ne harajin kwastan, domin ana iya ƙwace motar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya komai yawan hannayen da ta ratsa. Na uku, akwai motar da ke cikin jingina ko cikin gādon da ba a raba ba. Na huɗu kuwa lafiyar motar ce: haɗarin da ta taɓa yi, ruwan da ta taɓa nutsewa a ciki, da ainihin nisan da ta yi.

3.3 Lambar Shasi

Lambar shasi, wadda ake rubutawa VIN a takardun waje, ita ce sunan yanka na mota. Lambar rajista tana sauyawa, fenti ma haka, amma wannan tana tare da mota har ta mutu. Tun daga 1981 Amurka ta wajabta tsarin haruffa da alƙaluma 17, kuma shi ne ya yaɗu a duniya. Ba a sa haruffan I da O da Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Ukun farko suna nuna ƙasa da kamfanin da ya ƙera: JT na nufin Toyota ƙirar Jafan, 4T1 Toyota ƙirar Amurka, WDB Marsandi ƙirar Jamus, VF3 kuma Fijo ƙirar Faransa. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, gurbi na goma yana nuna shekarar ƙira: Y ita ce 2000, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010. Saboda haka idan dillali ya ce mota 'yar 2008 ce, aka kuwa ga 5 a gurbi na goma, maganarsa ta faɗi.

Ana samun lambar a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin madogarar ƙofa, da kuma inda aka buga ta a jikin ƙarfe. Wajibi ne duk su zo daidai da juna da kuma abin da ke takarda. Alamar walda ko kankara ko sabon fenti a kewayen lambar ta isa ta sa mai saye ya janye.

3.4 Silsilar Takardu

Takardun mota, waɗanda direbobi ke kira fatikula, sun haɗa da takardar kwastan, da shaidar mallaka, da lasisin mota, da takardar lafiyar mota, da inshora. Takardar kwastan tana ɗauke da sunan wanda ya shigo da motar, takardar rajistar farko kuma sunan mamallaki na farko a cikin ƙasa. Daga nan, duk sauyin hannu yana buƙatar yarjejeniyar saye da sayarwa mai sa hannun shaidu. Ke nan tarihin mota kamar sarƙa yake, kowane suna zobe ne da ya kamata ya riƙe na gabansa. Idan sunan da ke kan shaidar mallaka daban ne da na mai sayarwa, dole a ga takardar da ta haɗa su. Idan mai motar ya rasu, a nemi takardar rabon gādo daga kotu.

3.5 Hukumomi da Iyakar Bincike

Takarda ana iya ƙirƙirar ta, don haka sai an tantance ta a inda ta fito. Ofishin lasisin mota na jiha yana ajiye bayanan rajista. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kula da tsarin lambobin mota na bai ɗaya. A tsarin 2011, haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista. Rundunar 'yan sanda tana da rajistar motoci ta tsakiya inda ake shigar da rahoton sata, hukumar kwastan kuma ita ke tabbatar da biyan haraji. Ga motar da ta fito daga Amurka, kamfanoni irin su Carfax suna sayar da rahoto ta intanet, mai nuna yawan mamallaka da haɗurra da nisan tafiya. Rahoton ba ya bayyana sunaye, domin wata dokar Amurka ta 1994 ta taƙaita fitar da bayanan masu motoci. Nijeriya ma ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023. Abin da mai saye ke buƙata shi ne tabbacin halaccin mallaka. Neman adireshin tsohon mai mota idan shari'a ta taso aikin 'yan sanda ne da kotu. Bayan biyan kuɗi kuma, a gaggauta canjin mallaka.

4.0 Amfani da Batun a Aji

Batun ya dace da rubutun bayani domin matakansa a jere suke: duba ƙarfe, duba takarda, tambayar hukuma. Malami zai iya sa ɗalibai su tattaro kalmomin sana'ar, kamar shasi da fatikula da la'ada, su rarrabe na aro da na asali. Zai iya kuma jawo karin magana irin su "araha ba ta ado" da "cinikin biri a sama" domin a tattauna dacewarsu.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ana gano mamallakan mota ta hanyar gwama shaidu uku: lambar da ke jikin ƙarfe, sunayen da ke kan takardu, da bayanan da ke hannun hukuma. Inda ɗaya ya saɓa wa sauran, fasa cinikin ya fi sauƙi a kan zaryar kotu.

6.0 Auna Fahimta

1. A kawo dalilai huɗu na binciken asalin mota ta hannu.
2. Me gurbi na goma na lambar shasi ke nunawa? A ba da misalai biyu.
3. A kwatanta aikin fatoma a kasuwar kara da aikin takardun mota.
4. A tsara darasin minti 40 na rubutun bayani ga aji biyu na ƙaramar sakandare a kan wannan batu.