Yadda Ake Kama Hayar Ɗaki Kusa da Tasha a Sakkwato

Mutumin Shinaka da sana'a ta kawo shi birnin Sakkwato, ko mai safarar albasa da tafarnuwa ne daga yankin Goronyo ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ba kuɗin haya kaɗai yake lissafawa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu da Keke Napep ya zama haya ta biyu, wadda ake biya kowace safiya.

Shi ya sa mai dabara yakan fara zaɓen hanya kafin ya zaɓi gida. Wanda harkarsa ke Babbar Kasuwa, kuma yana komawa gida ta Achida duk mako, ya fi dacewa da unguwannin cikin gari da ke kusa da babbar tashar mota. Mai aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo zai fi jin daɗin Gawon Nama. A Mabera ko Arkilla ana samun gidaje masu fili, amma wanda ya lume can ciki, nesa da kwalta, zai biya bambancin a hannun ɗan kabu-kabu.

Daga nan sai dillali. Kowane dillali zai ce, "Alhaji, ai nan kusa ne da titi." Wannan magana da ƙafa ake auna ta. Mai neman ɗaki ya taka daga ƙofar gidan zuwa inda Keke ke tsayawa, sau ɗaya da sassafe, sau ɗaya bayan isha'i, ya ga ko ana samun abin hawa a lokutan nan biyu. Ya tambayi maƙwabta yadda lungun yake a watan Agusta, domin akwai inda direba ba ya yarda ya shiga idan ruwa ya kwanta.

A cikin gida kuwa, ruwa ne kan gaba. Famfo yana kawowa, ko akwai rijiya, ko kullum sai an kira mai ga-ruwa? Sai mai neman ɗaki ya ɗaga kai ya dubi silin: tabon ruwa alamar yoyo ce. Ɗakin da ba shi da taga biyu azaba ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40. Ya kuma nemi ganin takardar wutar lantarki, kada ya gaji bashin wanda ya tashi.

Galibi kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, dillali kuma ya karɓi la'adarsa, sau da yawa kashi goma cikin ɗari. A tabbatar mai gidan ne ko wakilinsa na gaskiya ke karɓa, a rubuta ranar shiga, da adadin kuɗi, da wanda gyara ke wuyansa, shaidu biyu su sa hannu.

Saura mai tsaya wa mutum. Rashin tsaro a gabashin jihar ya koro iyalai da dama daga Goronyo, Rabah da Wurno zuwa birni, masu gidaje kuma sun ƙara taka-tsantsan da baƙo. Ya kamata a yi wa waɗannan bayin Allah sassauci, domin wahala ce ta fito da su. Duk da haka, ɗan garinsu da ya daɗe a kasuwa, wanda zai raka baƙon gaban mai unguwa ya ce ya san shi ya san mahaifinsa, yakan sa a miƙa makulli ba tare da jan rai ba.