Ɗakin injin niƙa

A garuruwan Adar, daga Madawa zuwa Buza har Keita, ba sai an nuna wa baƙo inda injin niƙa yake ba. Tun da sassafe ake jin ƙararsa: tuk, tuk, tuk. Ƴan mata suna zuwa da ƙwarya ko tasa a ka, cike da hatsi ko dawa ko masara. Suna jera kwanoninsu a layi, su zauna suna jira. Aikin da uwa take yi da dutsen niƙa har hannunta ya yi kanta, inji yana gama shi cikin ƴan mintoci.

Ba a barin inji a fili, saboda ƙura da ruwan sama da ɓarayi. Sai a gina masa ɗaki. To, da zarar inji ya shiga ɗaki, abu biyu suke tasowa: jijjiga da hayaƙi. Jijjiga tana cin gini. Hayaƙi kuwa mutum yake ci.

Daga ina jijjiga take fitowa?

Yawancin injunan niƙa da man gazuwal suke aiki. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro irin wannan inji, ya kuma gwada shi ya yi aiki sosai a shekarar 1897. A cikin injin akwai wani ƙarfe mai kai da komo, ana ce masa fistin. Yana matse iska har ta yi zafi ƙwarai. Sai a fesa mata mai, ya kama da wuta nan take, ya tura fistin da ƙarfi. Wannan turawar ce take juya ƙafar inji, ƙafar ta ja bel, bel ya juya maniƙa.

Akwai wani tsohon samfuri da kamfanin Lister na Ingila ya fara yi wajen 1930. Daga baya maƙeran birnin Rajkot na Indiya suka riƙa ƙera irinsa, ana kawo shi ƙasashen Afirka da dama. Mai ƙarfin doki 6 yana juyawa sau 650 a minti ɗaya. Kowane juyi biyu, mai yana kamawa sau ɗaya. Ke nan bugu 325 a minti, fiye da bugu 5 a daƙiƙa guda. Nauyin injin kuma ya wuce kilo 300.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da turmi ana daka ya san ƙasa tana amsawa. Mace tana hutawa, ta share gumi, ta sha ruwa. Inji ba ya hutawa. Idan an ajiye shi a kan daɓe kawai, bugunsa yana bin ƙasa ya shiga bango. Bangon laka ba ya faɗuwa a rana ɗaya. Da farko yaɓe ne yake zuba. Bayan ƴan watanni sai a ga tsaga a kusurwa ko a bisa ƙofa. Azara ta motsa a mazauninta, rufin ya buɗe kaɗan, da damina ruwa ya samu hanya. Wani lokaci ma bangon maƙwabci ne yake tsagewa, magana ta kai gaban mai gari.

Shi kansa injin yana wahala. Noti ya kwance, tiyon mai ya tsage, bel ya riƙa zamewa.

Tushen inji

Maganin jijjiga nauyi ne. Jaki yana jan ƙaramin turke ya tuge shi, amma ba ya motsa kuka. Don haka ake zuba wa inji tushe na kankare, wanda ya fi injin da maniƙarsa nauyi aƙalla sau uku. Idan ya fi haka, ya fi kyau.

Magini yana fara haƙa rami a tsakiyar ɗaki har ya tarar da ƙasa mai tauri. A nan wurare sun bambanta. A kan tuddan Keita da Buza dutse yana kusa, aikin ba ya da wuya, tsakuwa kuma ga ta ko'ina. A jigawa yashi yana zamewa, sai an faɗaɗa ramin an daddaɓe gindinsa da duwatsu. Wuri mafi wuya shi ne fadama, kamar kwarin Majiya da na Tarka. Lakar fadama tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani. Tushen da aka zuba sama-sama a kanta yakan karkace. Gara a nemi tudu.

Ga misali. Rami mai tsawon desimita 15, faɗin desimita 8, zurfin desimita 6, yana cin lita 720 na kankare. Lita ɗaya ta kankare tana da nauyin kilo 2 da giram 400. Tushen duka ya kai kilo 1728. Idan inji da maniƙa sun yi kilo 500, ya ishe su.

Ana kwaɓa awo ɗaya na siminti da awo biyu na yashi da awo huɗu na tsakuwa. Siminti ba baƙon abu ba ne a jihar Tawa, tun da a Malbaza ake yin sa. Kafin kankaren ya bushe, ana kafa dogayen ƙusoshi masu noti a ciki, daidai da ramukan ƙafafun inji. Magini mai hankali yakan huda katako bisa awon ƙafafun, ya jera ƙusoshin a jikinsa, don kada ɗaya ta kauce. Saman tushen ya zama daidai, kada wani gefe ya fi wani tudu.

Daga nan sai haƙuri. Ana yayyafa wa kankare ruwa safe da yamma har kwana bakwai, a rufe shi da tsohon buhu. Ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. A nan ne masu inji da yawa suke kuskure. Sun ci bashi sun sayo inji, suna ɗokin fara samun kuɗi, sai su ɗora shi bayan kwana uku. Ƙusoshin su yi lako-lako, aikin ya ɓaci tun daga farko.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi aka fi mantawa: kada tushen ya taɓa bango, kada ya haɗe da daɓen ɗaki. Ana barin tazara kamar yatsa biyu a kewayensa, a cika ta da yashi. Jijjiga tana gudu cikin abu mai tauri, amma yashi yana rage mata ƙarfi. Tsakanin ƙafar inji da kankare wasu suna sa katako mai ƙwari, wasu yankin tsohuwar taya. Taya tana amfani ga ƙaramin inji mai saurin juyi. Babban inji mai bugu a hankali, idan robar ta yi laushi, rawa kawai zai yi a kanta.

Hanyar hayaƙi

Baƙin hayaƙin gazuwal kowa yana ganinsa. Yana sa tari da hawaye. A shekarar 2012 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa shi cikin abubuwan da suke jawo ciwon daji na huhu. Mai niƙa da yaransa su ne suke wuni a cikinsa.

Amma akwai wata guba a cikin hayaƙi da ido ba ya gani, hanci kuma ba ya ji. Da Faransanci sunanta monoxyde de carbone. Idan mutum ya shaƙe ta, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Sai ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi. Wanda ya kwanta a wurin yana iya rasa ransa. Injin fetur ya fi na gazuwal fitar da ita. Shi ya sa ba a kunna injin wuta a ɗakin kwana. Masu garkar albasa kuma ba su kamata su sauka rijiya ba alhali injin ban ruwa yana aiki a ciki.

Hayaƙi dole ya fita ta bututun ƙarfe. Bututun kada ya fi bakin injin ƙanƙanta, kada kuma ya yi lanƙwasa da yawa, don inji ya samu fitar da numfashinsa. Bakinsa ya wuce tsayin rufi. Idan an tsaya da shi a jikin bango, iska za ta mayar da hayaƙin ciki ta taga. A Adar iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina kuwa daga kudu maso yamma. Ko wane bango aka zaɓa, wata rana iska za ta juyo. Sama ce kaɗai mafita. A kan bakin ana kifa ɗan murfi don ruwan sama.

Bututun yana zafi ƙwarai, har ya wuce digiri 300. Ba a barinsa ya taɓa azara ko zana ko kara. Ramin da zai bi a bango ya fi shi faɗi, kuma ba a liƙe shi da siminti. Idan an liƙe, jijjigar da aka hana bi ta ƙasa sai ta bi bututu ta shiga bango, ko bututun ya karye a wuyansa, hayaƙi ya riƙa zuba cikin ɗaki.

Inji ma yana shaƙar iska. Ɗakin yana bukatar taga biyu masu kallon juna, ɗaya ƙasa-ƙasa, ɗaya kusa da rufi. Waɗansu suna raba ɗakin da ɗan bango: inji a gefe guda, maniƙa a gefe guda, bel ya ratsa ta kafa. Ta haka ƙurar gari ba ta toshe injin, warin mai kuma ba ya kama gari. Masu jira a yi musu rumfa a waje. Bel yana fizgar mayafi da babbar riga kafin ƙiftawar ido.

Idan wani ya ji jiri a ɗakin inji, a kashe injin, a buɗe ƙofa, a fitar da shi inda iska take, a kai shi likita ko da ya ce ya ji sauƙi.

Aiki

1. Inji yana bugu 325 a minti. Sau nawa zai buga a awa ɗaya?
2. Inji da maniƙa sun yi kilo 650. Tushe mai kilo 1728 ya ishe su? Don me?
3. Ku je wurin niƙa na garinku tare da malam. Ku aje tasa da ruwa a ƙasa kusa da bango, ta waje. Ku dubi fuskar ruwan. Ku matsa taki biyar ku sake dubawa. Ku rubuta abin da kuka gani da Hausa, sannan da Faransanci.
4. Ku zana ɗakin. Ku nuna ƙofa da tagogi, da inda bakin bututun hayaƙi yake kallo.